Yadda Ake Sayen RAM Ba Tare da An Je Gaban Mai Unguwa Ba

Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar hunturu, idan an karye masara, an casa waken suya, manyan motoci sun fara jerin gwano a kasuwannin Ɗandume da Funtuwa, akwai wata lalura da kan kama wasu samarin kudancin Katsina. Alamarta ta farko, mutum ya riƙa amsa gaisuwa idonsa na kan waya. Ta biyu, ya fara ambaton lambobi a teburin mai shayi ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Ta uku, wadda daga ita ba a cika dawowa ba, ya tara 'yan gida ya sanar da su cewa shi ba zai sayi kwamfutar da wani ya haɗa ba, da hannunsa zai haɗa tasa.

Kada a yi masa dariya, buƙatar ta gaske ce. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, shagon rajista ya zama sana'a kamar kowace sana'a. Ga masu tura fina-finai a waya, ga mai zana katin biki da fastar 'yan siyasa da CorelDRAW, ga mai tace bidiyon kamu da na walima, ga ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Dutsin-Ma da aka ce sai ya iya AutoCAD, ga dillalin hatsi da littafin bashinsa ya cika har bango. Duk suna son inji mai ƙarfi a kan tebur, wanda in wani abu ya lalace a cikinsa za a zare shi shi kaɗai a canza.

Kayan haɗin ba su da yawa: akwati, na'urar raba wuta, furosesa da fankarta, madabod, faifan ajiya, sai RAM. RAM shi ne ɗan siririn cikinsu. Tsawonsa santimita 13 da 'yan kai, ba shi da waya, ba a ɗaure shi da noti, yana shiga aljihun gaba na riga. Wannan ƙanƙanta ce ke jawo masa raini, rainin kuma shi ke cinye kuɗin buhun masara ba tare da an ga abin da aka saya ba.

Aikinsa mai sauƙin faɗi ne. A cikinsa kwamfuta ke baje abin da take yi a wannan lokaci. Ba ya ajiya. Da an ɗauke wuta ya manta da komai, ko sunanka bai sani ba, saboda haka RAM ɗin Malumfashi ya fi na Jamus samun hutu. Hotunanka da fina-finanka suna faifan ajiya ne. Idan ɗan baffanka ya ce kwamfutarsa RAM ɗinta giga 500 ne, kada ka yi masa musu, zumunci ya fi. Kawai kada ka tafi da shi kasuwa.

Abu na farko da mai sayen RAM zai yi shi ne ya ajiye ra'ayinsa a gida. Ba a buƙatarsa. Ranar da ka biya kuɗin furosesa da madabod, ranar aka gama zaɓa maka RAM, ko an gaya maka ko ba a gaya maka ba. Abin da ya rage maka karatu ne kawai.

Akwai wata ƙungiya a Amurka mai suna JEDEC, ita ke tsara ƙa'idar waɗannan kaya, kuma ba a ji ta aiko neman shawara Ƙafur ba. Iri uku daga cikin abin da ta tsara su ne ke yawo a kasuwanninmu. DDR3 ya fito a 2007, yana da haƙora 240, yana cin wuta bolt 1.5. DDR4 ya shigo kasuwa a 2014, haƙora 288, bolt 1.2. DDR5 ya iso ƙarshen 2021, shi ma haƙora 288, bolt 1.1. Tsawonsu kusan ɗaya, launinsu kan zo ɗaya, daga nesa ko uwar da ta haife su ba za ta raba su ba. Amma a jerin haƙoran kowannensu akwai giɓi guda, a cikin ramin da ke kan madabod, wato bod, kuma akwai ɗan tudu guda. Kowane iri da inda aka yanka nasa giɓin. Da gangan aka yi haka, don kada wani ya shiga gidan wani.

Nan ne muke samun saɓani da masu ƙera shi. Mu mutane ne masu dabara. A wannan yanki an ga babur ya ɗauko buhunan hatsi har direban ya koma kan tanki. An ga tsohuwar taya ta zama takalmi. Da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023, an ga injin ban-ruwa ya koma shan gas ɗin girki, kuma yana ta aiki. Mun saba idan abu ya ce ba zai yiwu ba, mu ɗauka bai gama fahimtar wanda yake magana da shi ba ne. RAM bai san wannan tarihi ba, kuma ba ya son a ba shi labari. Hirar takan kasance haka, a waya, bayan isha'i:

"Injiniya, ka ga abin nan bai shiga ba."

"Ka danna?"

"Na danna."

"Da ƙarfi?"

A daidai wannan kalma ya kamata a kashe wayar. Idan giɓi bai hau kan tudu ba, a juya sandar RAM ɗin a sake gwadawa. Idan an juya bai hau ba, to ba nasa ba ne, kuma ba zai zama nasa ba ko an kira majiya ƙarfin unguwa. Akwai masu ɗauko zarto su buɗe sabon giɓi a inda suke so. Wannan dabara tana aiki, ta fuskar cewa sandar za ta zauna. Daga nan haƙorin da aka yi don saƙo zai haɗu da wayar da aka yi don wuta, ɗaki ya ɗauki wani ƙauri wanda masana suka tabbatar ba na girki ba ne.

To wa ke yanke hukunci? A ɓangaren AMD maganar a miƙe take. Bod mai mazaunin AM4, irin su B450 da B550 da ake ɗora wa Ryzen 5 5600 ko 5600G, DDR4 yake ci. Bod mai AM5, wanda ya zo da Ryzen 7000 a 2022, DDR5 kaɗai ya sani. Intel ce ta haƙa rami ta rufe da ciyawa. Furosesocinta na zubi na 12 da na 13 da na 14, masu zama a LGA1700, suna iya aiki da DDR4 suna iya aiki da DDR5, amma kowane bod ɗaya ya ɗauka ya bar ɗaya. Sai ka ga bod biyu, kamfani ɗaya, suna ɗaya, kwali iri ɗaya, bambancinsu 'yan haruffa ne a wutsiyar suna. ASUS kan rubuta D4, MSI da Gigabyte kan rubuta DDR4. Mutum zai karanta PRIME H610M-K da babbar murya har maƙwabta su ji, ya haɗiye D4 ɗin ƙarshe kamar ba da shi ake ba, alhali duk maganar tana nan.

Wanda kuma haɗin nasa na gyaran tsohuwa ne, wato ya sayi kwamfutar ofis ta gwanjo zai ƙara mata ƙarfi, shi ma ba a bar shi ba. Dell OptiPlex 7040 DDR4 take ci. Ƙannenta 3040 da 5040, da suka fito tare da ita, masu furosesa zubi ɗaya da tata, DDR3L suke ci. Wannan L ɗin ma magana ce: DDR3 ne mai cin bolt 1.35. Galibi mai L yana zama lafiya a bod ɗin da aka yi don bolt 1.5, amma marar L ba kullum ake karɓarsa a gidan masu L ba.

RAM ɗin laftof ba sai an daɗe a kansa ba. Rabin tsawon na tebur ne. Idan ka ga ka sa shi a rami ya bar fili, ba kyauta aka yi maka ba.

Yanzu a zo kan takardar da ke manne a jikin sandar, wadda yawancin masu saye ke ɗauka ado ce. Ɗauki ɗaya ta Samsung, irin wadda ake cirowa daga kwamfutocin ofis, ka kai ta bakin ƙofa inda haske yake. Za ka ga an rubuta 8GB 1Rx8 PC4-2666V-UA2-11. Kada ka firgita, ba lambar asusun banki ba ce. 8GB girmansa ke nan, giga 8. 1Rx8 yadda aka jera ƙwayoyin ne, sahu ɗaya, ka wuce. PC4 na nufin DDR4, kamar yadda PC3 ke nufin DDR3, PC5 kuma DDR5. 2666 gudunsa. Wasu kamfanonin sukan rubuta babbar lamba maimakon wannan, kamar PC4-25600 ko PC3-12800. Raba ta gida 8, ka sami 3200 da 1600, gudun ke nan. Sai harafin da ya fi kowane muhimmanci, wanda ya biyo bayan 2666V da ɗan layin nan: U. U na kwamfutar tebur ne, shi kake nema. S na laftof ne. E yana da ƙarin ƙwayar gyaran kuskure, wani bod ya karɓa wani ya ƙi. R kuwa, a yi hattara da R.

R na manyan injinan kamfanoni ne da kwamfutocin aiki irin su HP Z440 masu furosesar Xeon. Idan kamfanonin Turai da Amurka sun sauya injinansu, irin wannan RAM kan kwararo kasuwar gwanjo, kuma ya fi na gida araha nesa ba kusa ba. Kyakkyawa ne, ƙwayoyi cike gaba da baya, girmansa ya cika baki. In DDR3 ne ko DDR4, giɓinsa ma daidai yake da na raminka, ya shiga ya zauna ɗas. Abu ɗaya ne kawai ba ya yi a bod na gida: ba ya aiki. Fanka za ta juya, fitila ta kama, allo ya yi baƙi ƙirin, ku yi ta kallon juna har asuba. Arahar ba ta son ka ba ce, rashin mai saye ne.

A nan dole a yi wa 'yan kasuwa adalci. Mai shago a titin Beirut ko Farm Centre a Kano, ko a Zariya, yawanci ya san kayansa, kuma ba ya son rigima. Amma duba abin da muke zuwa masa da shi. Mutum ya yi sammako daga Malumfashi, ya bi ta Dayi da Gwarzo, ya iso da ƙura har gira:

"Alhaji, barka da kasuwa. RAM nake so."

"Wane iri, ɗan'uwa?"

"Mai kyau."

"Na wane bod?"

"Babba ne. Baƙi."

Da wannan bayani ko malamin duba ba zai taimaka ba. Alhaji zai miƙo wanda ya fi kusa da hannunsa, ya ce in sha Allahu zai yi, kuma bai yi ƙarya ba, domin akwai wata kwamfuta a duniya da zai yi wa. Bayan kwana biyu a dawo da kaya haƙora duk sun karce, takardar garanti an ɓare ta don a ga abin da ke ƙasa, mai shago ya ce ba haka ya bayar ba, mai saye ya ce shi ba a taɓa yi masa haka ba. Idan cinikin a gari ɗaya aka yi, daga nan sai zauren mai unguwa, dattijon da bai taɓa cutar kowa ba, a zaunar da shi ana yi masa bayanin bolt 1.35. Duk wannan hoto ɗaya zai hana shi. Ɗauki hoton sunan da aka buga a jikin bod ɗin, ka nuna. In bod ɗin zai ɗauku, ka tafi da shi a gwada a gabanka, zuwa da kai ya fi aike. A kuma yi magana tun kafin kuɗi su bar hannu: in bai yi ba, za a canza, kwana nawa aka ba ni?

Giga nawa? Microsoft ta ce Windows 11 na iya tashi da giga 4, kuma gaskiya ne yana tashi, kamar yadda aka alkawarta, ba a dai yi alkawarin zai yi wani abu bayan ya tashi ba. Giga 8 ya ishi mai buga takardu da rajista, muddin bai buɗe shafukan Chrome kamar zai yi rabon gado ba. Giga 16 shi ne wurin zaman lafiya ga mai zane da ɗalibi da mai wasa. Mai tace bidiyo ya nemi 32. Kowane bod yana da iyakar abin da zai ɗauka, tsofaffin H61 masu rami biyu a giga 16 suke tsayawa. Wanda kuma aka sa wa tsohon Windows mai bit 32, ko ya cika ramukan duka, abin da injin zai amfana da shi ba zai kai giga 4 cikakku ba, sauran sadaka ce. A tuna kuma Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na 8 na Intel yake farawa. A ganina, mai haɗin farko da zai zuba kuɗinsa a DDR3 yau, sai dai in kyauta aka ba shi bod ɗin.

Idan ka tsayar da giga 16, tambaya ta gaba: sanda ɗaya mai 16, ko biyu masu takwas-takwas? Biyu. Furosesa tana da hanya biyu ta zuwa wurin RAM, sanda ɗaya hanya ɗaya take buɗewa. Wannan ya fi tsanani ga mai furosesa irin 5600G, wadda ba ta da katin hoto na daban, daga RAM ɗin take yankar na hoton. Kuma ba sai an yi wa mutumin Bakori dogon bayani ba, domin ya san shanun huɗa. Sa ɗaya yana jan garma, amma ba haka aka tsara aikin ba. Biyu ake ɗaura wa karkiya, kuma ba kowane biyu ba. Ka haɗa bijimi da ɗan maraƙi, ba za a tafi da saurin bijimin ba, da na maraƙin za a tafi, kunya ta karkace, mai riƙe da garma ya wuni yana faɗa. Shi ya sa mai hankali ke sayen sa'o'in juna, waɗanda aka horar tare. RAM ma ana sayar da shi biyu a kwali ɗaya, an gwada su tare tun daga masana'anta. Ka haɗa mai gudun 3200 da mai 2400, duka biyun za su sauko 2400. Ka haɗa na kamfani kaza da na kamfani kaza, sau da yawa su zauna lafiya, wani lokaci kuma su zauna lafiya har sai ranar da kake tsakiyar yi wa mutum talatin rajista.

Inda ake sa su ma da ƙa'ida. A bod mai rami huɗu, hankali zai ce a fara daga na farko a bi da na biyu. Hankali ya yi kuskure. A yawancin bod, in ka ƙirgo daga wajen furosesa, na biyu da na huɗu ake fara cikawa, su ne A2 da B2. An rubuta wannan a ɗan littafin da ke cikin kwalin bod, littafin da bisa al'ada ake bai wa yara su yi wasa da shi. A shafin intanet na kamfanin bod ɗin kuma akwai jerin RAM ɗin da suka gwada da kansu, ana ce masa QVL. Wanda ba ya cikin jerin ba lallai ya ƙi ba, amma wanda ke ciki ya riga ya ci jarrabawa.

Maganar gudu ita ce inda samari suka fi asarar kuɗi cikin farin ciki. Lambar da aka buga da manyan baƙaƙe a kwali, 3200 ko 3600 ko 6000, sau da yawa alkawari ne mai sharaɗi. Ka sa sandar, ka kunna, ka buɗe Task Manager, sai ka tarar DDR4 ɗinka na tafiya a 2133 ko 2400, DDR5 kuma a 4800. Ba a cuce ka ba. Sai ka shiga BIOS ka kunna abin da Intel ke kira XMP, AMD kuma EXPO, sannan ya saki jiki. Akwai bayin Allah da suka biya kuɗin 3600, suka shekara suna ba da labarin 3600, injinsu bai taɓa wuce 2133 ba, kuma suna cikin ƙoshin lafiya. Sannan furosesa da bod suna da nasu linzamin. Core i5-8400 a kan bod ɗin H310 ba ta wuce 2666, i3-8100 ba ta wuce 2400, ko da wane irin RAM ka yi mata toshi. Kwamfutocin ofis na Dell da HP kuwa galibinsu ba su da XMP sam. A gare su sanda koriya marar riga, mai gudunta na asali, ta fi ta 'yan wasa mai sulke.

Kusa da gudun akwai wata lamba, CL. Ita ce jinkirin amsawa, ƙaramarta ta fi. Mai son lissafi ya ninka CL sau 2000 ya raba da gudun. DDR4 mai 3200 da CL16 zai ba shi nanosakan 10. DDR5 mai 6000 da CL30 zai ba shi nanosakan 10. Ana iya ajiye wannan sakamako don ranar da wani ya zo teburin mai shayi yana cika baki.

Akwai RAM mai fitilu, ja da kore da shuɗi suna bin juna. An bincika, fitilun ba sa ƙara gudu. Abin da suke ƙarawa farashi ne da tsayi, tsayin kuma kan sa sandar ta tokare babbar fankar furosesa, sai an zaɓi wanda zai kwana a waje. Ga wanda akwatinsa ba shi da gilashi, fitilun za su yi ta haskaka cikin akwatin, inda ƙadangare ne kaɗai zai yaba.

Farashi ba zan faɗa ba, domin kafin a buga wannan ya canza. Abin sani dai, ƙwayoyin da ke kan kusan kowace sanda a duniya daga kamfani uku suke fitowa: Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Kingston da Corsair da ADATA da sauransu saye suke su jera su sa sunansu. A ƙarshen 2025, da cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka buɗe baki suna haɗiye abin da waɗannan ukun ke ƙerawa, farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a ko'ina. Wato mai shagon rajista a Ƙanƙara yana takarar saye da manyan kamfanonin Amurka, sai dai ba a sanar da shi an fara ba. Idan kaya ya yi tsada kuma, jabu kan samu kasuwa. Takarda ba ta da wuyar bugawa. Abin da ya fi wuyar yi wa ƙarya shi ne ɗan guntun bayanin da ke cikin sandar kanta. Manhajar CPU-Z kyauta ce, buɗe shafinta na SPD, za ta faɗi girma da gudu da kamfani. In takarda ta ce 16 manhaja ta ce 8, manhajar ba ta da riba a cinikin. RAM na gwanjo ba laifi ba ne, yana cikin kayan da suka fi daɗewa ba su lalace ba, amma a gwada shi da MemTest86 daga filashi. Gwajin na cin sa'o'i, saboda haka a tanadi sola ko mai a janareta, kada a dogara da alkawarin kowa. Kuskure ɗaya ja ya bayyana, a mayar.

Ranar sawa, a zare wayar wuta daga bango, ba kashe makunni kawai ba. Hunturu ne, lokacin da rigar sanyi ke tartsatsi idan an cire ta cikin duhu, wannan tartsatsin kuwa ya isa ya kashe ƙwaya. Kada a yi aikin a kan bargo ko kafet. A taɓa ƙarfe kafin a taɓa kaya, a riƙe sanda ta gefe-gefe, a bar haƙoran zinaren nan, ba su son man ƙuli-ƙuli. A buɗe 'yan maƙallan bakin ramin, a daidaita giɓi da tudu. To, yanzu ne lokacin ƙarfin nan da aka hana ka ɗazu. Abin mamaki, mutumin da ya yi niyyar sa zarto, idan aka zo inda ake son ya danna sai tausayi ya kama shi, ya ɗora sandar a hankali ya bar ta rabi a waje. Danna da manyan yatsu biyu har ka ji ƙas, maƙallan su rufe da kansu.

Idan an kunna allo bai kawo ba, kada a fara lissafin maƙiya. Sabon DDR5, musamman a AM5, yakan ɗauki mintoci a tashin farko yana daidaita kansa da bod, allo baƙi, fanka na juyawa. Je ka yi alwala ka dawo. In har yanzu shiru, duba ko bod ɗin na da 'yan fitilun gargaɗi, wadda aka rubuta wa DRAM ita ke ƙarar RAM. Zare duka, sa ɗaya a A2, gwada, canza da ɗayar. Tsohuwar sanda da ta sha ƙurar hanya, a goge haƙoranta da abin goge fensir mai tsabta, a hure ramin da abin hura iska. Ban da fetur, ban da yawu, ban da takardar gurza katako. A kuma leƙa bayan akwatin a tabbatar wayar allon tana inda ya kamata, domin an sha zagin RAM a kan laifin da bai san an yi ba.

Ga iyaye da yayye masu fitar da kuɗin kuma, ba sai kun san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Idan yaro ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, saura kuɗin RAM," a tambaye shi sunan bod ɗinsa har wutsiya, da harafin da yake nema bayan lambar gudu. In ya amsa tiryan-tiryan, a ba shi, a haɗa masa da kuɗin mota. In ya ce mai kyau zai sayo, a riƙe kuɗin tukuna, a tura shi Ɗanja ya taya ban-ruwan tumatir, ya tafi da ɗan littafin bod ɗin a aljihu.